Koren Hasken da Na Bari a Siberiya

Mutumin da ya fara cutata a ƙasar Rasha Bahaushe ne.

Sunansa Isufu, ɗan ƙasarmu, ya daɗe a Mosko har ya yi tumbi. Wani abokin aikina ne ya ba ni lambarsa tun a Yamai. Ya tarye ni a filin jirgi ya rungume ni, ya ce, "Sanusi ɗan Damagaram! Ina wajen su Birni, ina wajen su Zango?" Na ji kamar in yi kuka don daɗi. Ya kai ni ɗakinsa, ya dafa mini shinkafa, ya bar mini gadonsa. Da safe ya buɗe jakata ya ga kilishin da Inna ta sa aka yi mini, da garin kuka, da daddawa, da yaji, sai ya riƙe baki.

"Da wannan za ka shiga jirgin ƙasa? 'Yan sandansu da karnuka suke bi. In suka shinshino nama, sauke ka za su yi a daji."

Na bar masa su duka. Ya kuma sayar mini da wani manto, wato babbar rigar sanyi, baƙi mai sheƙi, ya rantse mini cewa da shi ko kan ƙanƙara na kwana ba abin da zan ji. Kwana uku na yi a jirgin nan, ban ga ko wutsiyar kare ba.

Ni ɗan maƙerin fari ne. Mahaifina, wanda muke kira Abba, zobba da awarwaro da 'yan kunne yake yi a wata 'yar rumfa cikin Birni, kamar yadda ubansa ya yi. Ni kuwa kimiyyar fizik na karanta, na koyar shekara biyu a wani lise, wato babbar sakandare, sannan bursi, kuɗin tallafin karatu, ta fito mini in je in yi tez, wato binciken digirin dokta, a kan lazer a wani gari na Siberiya. Abin da ya sa ni cikin jirgin ke nan.

Ban taɓa sanin ƙasa tana da tsawo haka ba. Itatuwa masu farin ɓawo, sai tabki, sai itatuwa, sai kogi. Duk kogin da muka ƙetare sai in tuna matan unguwarmu a layin famfo da jarkoki tun asuba, in ce ashe nan ruwan duniya ya taru. Wanda ke gadon da ke fuskantar nawa wani tsoho ne mai yatsu uku a hannun dama. Ya lura yini guda ban ci komai ba sai shayi. Ya yanka burodi, ya ɗora wani farin kitse na alade a kai ya miƙo mini. Na girgiza kai. Ya dube ni, ya dubi kitsen, ya faɗi wata kalma da na gane tana nufin Musulmi. Na ce i. Sai ya naɗe kitsen cikin jarida ya tura can ƙasan jaka, ya fito da dafaffen ƙwai da dankali. Bai sake fito da kitsen nan ba har ya sauka, ko don kansa. In na zauna yin salla kuma sai ya miƙe ƙafa ya tare hanya, kada masu wucewa su bangaje ni. Ban san sunansa ba. Shi ma bai san nawa ba.

Shekarar farko ta koyon harshe ce. Aka sa ni a gidan ɗalibai mai hawa tara. A bakin ƙofa akwai wata mata mai gadi da ke zaune cikin ɗan keji na gilashi tana saƙa. Ni kaɗai ne baƙar fata a ginin gaba ɗaya, amma kullum na shigo sai ta ce in ba ta kart ɗina, ta dubi hoton, ta dubi fuskata, ta sake duban hoton. Shekara huɗu tana yi mini haka, wani lokaci sau uku a yini.

Da sanyi ya kama na gane irin manton da Isufu ya sayar mini. Iska tana ratsa shi kamar gidan sauro. Gashin hanci yana daskarewa, in ka ja numfashi ka ji kamar ka shaƙi allurai. Rana ba ta fitowa sai hantsi ya yi a lissafinmu, kafin ka gama azahar la'asar ta shiga, kafin ka naɗe darduma magariba ta yi. Abinci kabeji ne da dankali da wani hatsi mai ɗan ɗaci. Akwai ranar da na shiga kanti ina shinshina kwalaben kayan miya ɗaya bayan ɗaya ko zan ji wani abu mai kama da daddawa, har mai gadi ya zo ya tsaya a bayana.

A shekara ta biyu na shiga labo, wurin gwaje-gwajen kimiyya. Ɗakuna ne a ƙarƙashin ƙasa, a wani tsohon gini mai warin mai da ƙonannen ƙarfe. Shugabana Profesa Arkadi, dattijo mai sanyin murya, ba ya faɗa, ba ya tsawa. Ya gwada sunana sau biyu ya kasa, ya ce, "Za mu kira ka Sanya." Suna ne na 'ya'yansu. Na ce a raina ya dace, harafi ɗaya ya raba shi da abin da ke kashe ni.

Aikin kansa ba shi da wuyar bayani. Bututu ne na gilashi, tsawon hannu ko ya ɗan fi. A zuƙe iskar da ke ciki tas, a sa gaz kaɗan, a sa ɗan gishirin wani ƙarfe a dumama shi har ya yi tururi. Sai a riƙa dukansa da kuran, wato wutar lantarki, mai ƙarfi, sau dubbai kafin ka ƙifta ido. Gaz ɗin ya kama haske. A sa madubi a kowane baki, hasken ya yi ta kaiwa da komowa yana ƙara ƙarfi, har ya fito siriri miƙaƙƙe. Wannan shi ne lazer. Mu abin da muke nema shi ne sabon haɗi, wane gaz da wane gishiri za su ba da hasken da ba a samu ba tukuna, da yadda za a ba su kuran ɗin. Matsalar kuwa ita ce wutar da ke cikin bututun. Maimakon ta cika faɗinsa, sai ta tsuke ta zama zare guda kamar walƙiya, ta ci gilashin, ya yi baƙi, ya mutu.

Profesa ya ba ni wani gishiri da ɗalibai biyu suka gwada suka bari kafin ni. Daga baya na gane ba don yana tsammanin komai ya ba ni ba, don dai kada in zauna hannu rabbana ne. Tebur ɗaya muke da Denis, ɗalibinsa na hannun dama, saurayi mai fara'a da ya iya Ingilishi, shi ake aikawa taro ƙasashen waje. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya koya mini abubuwa da yawa. Shi ya nuna mini yadda ake sauke kuran daga injin kafin a taɓa shi, ba don haka ba da gawata aka kawo gida.

A ƙarshen baranda akwai ɗakin mai hura gilashi. Tsohuwa ce gajera mai kauri, hannuwanta duk tabon ƙuna, kowa yana ce mata Baba Zina. Na ji daɗin sunan, tun da a wurinmu ma baba ce. Ba ta son a tsaya mata a kai, ko Profesa sai ya ƙwanƙwasa. Ran da na kai mata zanen bututuna na farko sai na kasa fita. Yadda take juya gilashin cikin harshen wuta, ta ɗan hura, ta janye, ta duba da ido ɗaya, sak Abba. Ta ɗago ta ce, "Me kake kallo?"

Da guntun harshen da na iya na ce mata ubana maƙeri ne. Na cire zoben azurfar da ke hannuna na ba ta. Ta sa tabaron aiki ta jujjuya shi ta daɗe.

"Ina ya haɗa bakin?"

Na ce ni ma ban sani ba.

"To wannan mutum ya iya aiki," in ji ta. "Zauna can, kada ka taɓa komai."

Daga ranar nan bututuna take fara yi kafin na kowa. Mako na biyu ta ɗaga manton Isufu da yatsa biyu ta yi tsaki. Kashegari ta zo mini da wata rigar fatar tunkiya ta marigayi mijinta, mai nauyi kamar an goya maka yaro. Manton kuwa ta shimfiɗa wa kyanwar labo a bayan bututun ruwan zafi.

Kowace Juma'a nakan kira gida. Ƙanwata Hadiza ce mai talho, ita ke kai wa su Abba. A wannan shekarar ta fara ce mini idon Abba yana damunsa, yana ganin abin da ke gabansa amma gefe da gefe duhu. Aka kai shi likita, suka ce hawan jinin ido ne, sai magani kullum, kuma gara a yi masa aiki tun da wuri. Ana cikin bayani likitan ya ambaci cewa akwai aikin da ake yi da lazer. Shi ke nan. Abba ya ji kalmar da ɗansa ya tafi karantawa. Ya dawo gida ya ce ba mai taɓa masa ido, Sanusi na nan zuwa da injin.

Na ce Hadiza ta ba shi talho.

"Abba, ku gafarce ni, nawa lazer ɗin ba na ido ba ne."

"To na mene ne?"

"Na bincike ne, Abba."

"Binciken me? Me ya ɓata?"

Na yi ta kewaye-kewaye, na ce iri-iri ne, kamar yadda maƙerin baƙi daban maƙerin fari daban.

"Maƙerin fari in an matsa masa ai yana iya gyara lauje," in ji shi. "Ka dai yi karatunka da kyau. Ina jiranka."

Na roƙe shi, na sa Inna ta roƙe shi, na sa limamin unguwa ya yi masa magana. Yakan ɗiga maganin in Hadiza ta tsaya a kansa. Zancen aiki kuwa ya ce sai na dawo. Na so in zo hutun bakans in kai shi da kaina, Profesa ya ce in na tafi yanzu injin zuƙe iskar da nake aiki da shi za a ba wani, kuma ba a san ranar da zai dawo hannuna ba. Na zauna. Wannan zaman ni na zaɓe shi, ba wanda ya ɗaure ni, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Bututu nawa na kashe, ban ƙirga ba. Baba Zina ta ware mini kwali guda na gawarwakinsu. A sanyi na uku wata rana ina kallonta tana haɗa gilashi biyu, na ga ba ta kai wutar kan mahaɗin kai tsaye, sai ta fara bi da ita ko'ina a hankali har duka ya ɗauki zafi. Abba ma haka yake yi da azurfa, tun ina yaro yake ce mini in ka far wa wuri ɗaya da wuta, ƙarfen zai dunƙule ya guje maka. Na koma teburina na zauna. Mu kullum far wa gaz ɗin muke yi da duka mai ƙarfi yana sanyi. Na ce bari in fara ba shi ɗan ƙaramin duka ya farka, sannan babban ya biyo baya. Na kuma roƙi Baba Zina ta jera mini wasu zobba a cikin bututun don su riƙe wutar a tsakiya. Ta ce aikin banza ne, ta yi.

Wata huɗu na yi ina neman tazarar da ta dace tsakanin dukan biyu, da tazarar zobban. Wata safiyar Talata na kunna, na daidaita madubin baya, sai ga ɗigo kore a bango, kore shar kamar ganyen gyaɗa bayan ruwa. Na saba ganinsa ya fito ya mutu kafin ruwan shayi ya tafasa, saboda haka ban motsa ba. Ruwan ya tafasa, na sha, yana nan. Na leƙa cikin bututun ta baƙin gilashi, wutar ta cika shi baki da baki, lumui, ba zare. Aka tafi cin abincin rana aka dawo, yana nan. Baba Zina ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta riƙa bubbuga gwiwata. Wajen la'asar Denis ya kira Profesa. Ya shigo ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina.

"Sanya, ɗana. Ka yi abin da ban zata ba."

Ranar nan ko matar kejin gilashi sai da na yi wa murmushi.

Bayan mako uku wasu mutane biyu masu kwat suka zo, aka kunna musu, suka yi ta tambayar Denis, ni ina tsaye riƙe da wayar kuran. Bayan sun tafi Profesa ya ce in ba shi kayen da nake rubuta aikina a ciki, za a ɗauki hotonsa don ajiya. Na ba shi. Ran Litinin na zo na ɗora kart ɗina a ƙofar ɗakin, jar fitila ta kama. Na sake, ja. Na je biron tsaro, wato ofishinsu, wani mutum da bai ɗago kai ba ya ce ɗakin yanzu yana ƙarƙashin kwantaragi da wani kamfani, baƙon ƙasa ba ya shiga.

Na ce, "Bututuna ne a ciki."

Ya ce, "Ba abin da ke cikin ginin nan da yake naka."

Profesa ya karɓe ni da shayi da alewa. Ya ce doka ce, ba shi ya yi ta ba. Ya ce kamfanin ne zai sayi sababbin injuna, labo ya shekara goma bai ga sabon abu ba, mutum ashirin ke ci daga nan. Na ce to tez ɗina fa? Ya ce sakamakon yanzu a rufe yake, ba zai shiga tez ba, amma yana da wani maudu'i mai kyau, auna zafin ƙarafunan bakin bututu, shekara biyu zan gama.

"Bursina saura wata bakwai, Profesa."

"Za mu duba," ya ce. Muryar nan tasa ko kaɗan ba ta canza ba. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Abin da aka ce a rufe yake, bayan wata biyar na gan shi a wata mujallar masana. Ba su faɗi sirrin duka ba, amma ga hoton ɗigona kore, ga zanen zobban Baba Zina. Sunaye huɗu: Profesa, Denis, da mutanen nan biyu masu kwat. Na tare Denis a matakala.

"Ka san wanda ya yi aikin nan."

"Na sani."

"To?"

"To me kake so in yi, Sanya? Kai za ka koma ƙasarku. Ni nan zan zauna, a ƙarƙashinsa, da mata da jariri." Idonsa ya yi ja. Ban ji tausayinsa ba, kuma ban iya tsanarsa yadda nake so ba.

Na kai ƙara biron ɗaliban waje. Matar ta saurare ni da kyau, ta ce ina da hujja? Na ce kayena. Ta ce ina yake? Na ce bayan ƙofar da ba a bari in shiga. Ta ce to in na samo shi in dawo.

Mutum ɗaya ne ya buɗe baki saboda ni. Baba Zina ta shiga biron Profesa ba ƙwanƙwasawa, da rigar aikinta, ta bar ƙofa a buɗe don kowa ya ji. Ban gane rabin abin da ta faɗa ba, irin kalmomin da ba a koya mana a aji ba ne. Kafin wata ya cika aka yi mata walima da furanni, aka ce ta kai shekarun hutu. Shekara arba'in ta yi a ɗakin nan. Da na je ba ta haƙuri a gidanta ta ce in rufe mata baki, ta zuba mini miya. Amma na ga ta kasa zama, tana ta jujjuya cokali a yatsunta kamar gilashi.

Na gwada sabon maudu'in na 'yan watanni, zuciyata ba ta ciki. Bursi ta ƙare, "za mu duba" bai haifi komai ba. Sai Hadiza ta kira ba ranar Juma'a ba. Ta ce Abba ya daina ganin ko hasken ƙofa. Ta ce da kansa ya tattara kayan ƙira yana lalube, ya sa a buhu, ya ce a rufe rumfar. Na je biro na karɓi takardar da aka ba ni, mai cewa na halarci labo na tsawon shekaru kaza. Baba Zina ta raka ni tasha. Ta ba ni wani ɗan bututu tsawon yatsa da ta hura a kicin ɗinta, ta ce in kai wa maƙerin. A filin jirgin Mosko suka ce ba su san abin da ke ciki ba, suka jefa shi a kwando ina kallo. Ban nemi Isufu ba.

Daga Yamai na shiga kar, babbar motar fasinja. Muka wuce Takieta, duwatsun garinmu suka fara bayyana, ban ji abin da na zaci zan ji ba. Tun daga tasha ake ce mini Dokta. Na gaji da gyarawa na bari.

Abba yana zaune a zaure kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi. Ya lalubo fuskata, ya shafa gemuna, ya ce na rame. Can ya ce, "Ka zo da shi?"

"Ban zo da shi ba, Abba. Ko na zo da shi ba zai yi muku komai ba. Na gaya muku."

Ya sauke hannunsa daga fuskata.

"Ka gaya mini," ya ce. "Ni ne ban ji ba."

Abin bai tsaya nan ba. Labari ya riga ya bazu cewa ɗan maƙeri ya dawo da ilimin buɗe ido. Kwana uku ana sallama. Har daga Gaffati aka kawo wata tsohuwa a amalanke, ɗanta yana riƙe da zakara. Na fito na yi musu bayani a tsaye a rana, Abba yana ji daga zaure. Ɗan ya ce, "To Dokta, me ka je yi shekara huɗu?" Na ce su kai ta likita. Suka juya amalanken, suka bar zakaran, wai na hanya ne, ba a mayarwa.

Aka tura ni koyarwa a Takieta. Ajin ba kuran. Nakan zana bututu a allo da alli, in zana madubi biyu, in ce su rufe ido su ga kore. A can ni Mushe Sanusi ne, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ya fi mini Dokta sauƙin ɗauka.

Shekara biyu da dawowata saƙo ya shigo mini daga Denis. Ya yi gaisuwa mai tsawo. Ya ce tsohon bututun nan ya mutu, sababbin da suka yi duk wutarsu tsukewa take, kamfani ya matsa. Sun koma kan kayena, sai suka tarar wuraren da suka fi muhimmanci ba su iya karantawa. Sai a lokacin na tuna. In na gaji ko abu ya ɗaure mini kai, da Hausa nake rubutu. "Ɗan jira kaɗan kafin babban." "Na uku ya matso, ya fi son haka." Sun sa na'ura ta fassara musu, ta ba su shirme.

Mako biyu ban amsa ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, irin daɗin da ba ya ƙosarwa. Da na zo gida hutun mako na ba Abba labari, tun daga farko, abin da ban taɓa yi ba. Ya tambaye ni yadda na yi da ɗan ƙaramin dukan. Da na ce daga wurinsa na ɗauko, ya yi dariya har da tari.

"Yanzu abin ba ya ci ke nan?"

"Ba ya ci."

"Kai ka san abin da zai sa ya ci?"

"Na sani."

"To ka gaya musu mana. Ni ban iya barin aikina a karye a hannun wani, ko ɓarawo ne. Amma ka ce su sa sunanka."

Na rubuta wa Denis shafi shida, ban rage komai ba. Na ce sharaɗina ɗaya ne. Ya amsa a ranar, ya ce ya yi magana da Profesa, wannan karon ba shakka.

Bara ya aiko mini da sabuwar takardar da suka fitar. Na je wani shago a Zango aka buga mini ita. Na duba sama, sunaye biyar, ba nawa. Na bi har ƙarshe. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, bayan godiya ga kamfani, an yi godiya ga tsohon ɗalibinsu Sanya, daga Nijeriya, saboda shawarwari masu amfani.

Na tarar da Abba a zaure. Ya ji ƙarar takarda a hannuna.

"Ta zo?"

"Ta zo."

"Karanta mini wurin."

Na buɗe shafin. Na karanta masa sunana cikakke, da sunansa, da sunan kakana, na ce daga Damagaram, ƙasar Nijar. Ya ce in sake, na sake. Sai ya miƙo hannu ya ce in ɗora masa yatsa a kai. Na kama yatsan nan nasa mai kanta na ɗora shi kan Nijeriya. Ya daɗe yana shafawa.